Batirin Na'Allah da Ruwan Inna Tumba

Kusan kowane wata sai an samu wani saurayi ya zo rumfata ya tsaya yana kallon hannuna, bayan kwana biyu in ji ya sayi caza ya buɗe tasa rumfar. A ganinsa ya gama koyo: jar waya a nan, baƙa a can, sai karɓar kuɗi. Ba na hana kowa neman abinci. Amma ku da kuke zama a bencina kuna jiran wayoyinku su cika, kuna yi mini dariya wai batir yakan kwana uku a wurina kamar marar lafiya a gadon asibiti, yau za ni gaya muku dalili. Za kuma ku ji abin da ke cikin kwalbar nan da na naɗe da farin ƙyalle a saman kanta, tunda kun ishe ni da tambaya.

Sunana Bawa, a Sabon Birni an fi sanina da Bawa Mai Batir. Ban shiga sana'ar nan da ƙuruciya ba. Da gemuna da iyalina na bar gyaran rediyo na tafi Maraɗi wurin wani dattijo, Malam Sahabi, Allah ya jiƙansa. Damina guda na yi a hannunsa bai bar ni na taɓa waya ba. Aikina tarar ruwan sama. A bar ruwan farko ya wuce ya wanke sararin sama, sannan a ajiye robar wanka a tsakiyar gida, nesa da kwanon rufi, nesa da itace. A tace da farin ƙyalle, a zuba a jarka, a toshe. Shi ne abin shan batir na shekara. Ruwan rijiyoyinmu yana da kanwa da gishirin ƙasa. Mu muna sha mu yi ƙiba, batir kuwa in ya sha sai farin abu ya lulluɓe farantan da ke cikinsa, ya daina riƙe wuta.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne ɗigo. Batirin babur ƙaramin ciki gare shi. In ka ɗura masa wuta da ƙarfi zai yi zafi, ya tafasa, mita ta nuna maka ya cika, ka ji daɗi. Ƙarya ce, saman ne ya cika. Malam Sahabi yakan sa ƙwan fitila a tsakanin caza da batir don ƙwan ya shanye yawan wutar, abin da ya rage ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Yakan ce a ba shi yadda ake ba majinyaci kunu, cokali bayan cokali. Har yau haka nake yi. Kayan aikina ba su da yawa: sola ƙarama da ba ta fi allon karatu ba, ƙwan fitila, mita, sirinji mai ƙwallo a ciki na gwada kaurin ruwan batir, da bayan hannuna. In na ɗora bayan hannu na ji ɗumi, na san na yi gaggawa. Batiran yanzu da ke zuwa a rufe, waɗanda ba a zuba musu ruwa, su ma dokar ɗaya ce, sai dai ba sa gaya maka suna mutuwa.

Na san abin da za ku ce, don kun sha faɗa: “Baba Bawa, ai akwai kiki, a buga da ƙafa babur ya tashi.” Gaskiya ne. Mai ƙafa biyu lafiyayyu, batir a wurinsa na fitila ne da oda. To ku saurara.

Kun tuna shekarar da aka hana hawan babur a yankin nan saboda mutanen daji. Ita ce muguwar shekarata. Gari ya yi tsit, tasha ta koma wurin kwanan awaki. Masu babur suka tura su ɗaka suka rufe, na ƙauye kuwa ɓoyewa suke yi, don duk wanda aka ji yana da shi, za a zo a karɓa da bakin bindiga. Abin da mutane ba su sani ba, batir zama ne ke kashe shi. Babur yana tafiya yana ciyar da shi. In ya zauna wata uku ba a taɓa shi ba, ya tafi ke nan. Waɗanda suka gane suka riƙa ciro nasu suna kawo mini ajiya. Na jera su a kanta, kowane da sunan mai shi a takarda, ina bin su da ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Sabo kuwa ko na magani babu a kasuwa, don hanyar Shinkafi da ta Sakkwato duk ba a shiga da kaya.

Cikin wannan hali, wata ranar kasuwa, Na'Allah ya iso a kan jaki. Tela ne na wani ƙaramin ƙauye bayan Tsamaye, wanda a da yakan ɗaure keken ɗinkinsa na hannu a bayan babur ya bi kasuwanni. Shan-inna ta cinye masa ƙafar dama tun yana goye, ƙafar da ake buga kiki da ita. Birkin ƙafa ma sai da aka mayar masa da shi hannu. Shi babur ɗinsa ba ya tashi sai da madannin sitata. Ya jira har mutane suka ragu, ya ciro batir daga cikin buhun gujiya.

“Malam Bawa, mashin nau na cikin rumbu,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. “Rumbun zana na. Mun kwance gefe guda mun tura shi ciki, mun jera damman hatsi bisa. Ba wanda yas sani sai ni da Inna da Rabi.”

Na ce, “To ka bar shi nan har Allah shi kawo sauƙi, kamar na kowa.”

“Nau ba kamar na kowa ba na. Rabi matata na da ciki wata biyat. Biyu munka rasa baya, jini na ɓalle mata. Malamar asibiti ta ce wanga karon in ta haihu gida, to mu yi bankwana da ita tun yanzu. Jaki ba shi kawo ta. Sau guda za ni hidda mashin ɗin, rannan kaɗai. Mazan garinmu rabi sun ƙetare Nijar, sauran ban yarda su sani ba. In na danna bai tashi ba, ba mai buga mani kiki.”

Na tambaye shi sojojin da ke bakin gari fa? Ya ce soja ma mace ta haife shi, in ya ga mai naƙuda ya san abin yi.

Na karɓi batirin. Ba sabo ba ne, ya kai shekara biyu, amma ɗakunansa shida duk suna da rai. Na goge kawunansa da toka, na shafa musu man keke, na sa shi a layin ɗigo, shi kaɗai nake dubawa kullum. Na ce da Na'Allah ya tsiyaye man da ke cikin kafireto, ya ajiye fetur ɗinsa a jarka a toshe, don tsohon mai da ya kwana a injin shi ke sa a yi ta dannawa.

Da cikin Rabi ya shiga wata takwas, dole batir ya koma kusa da babur. Mahaifiyarsa ce ta zo ɗauka, Inna Tumba, don ba a cika tsayar da tsohuwa a hanya ana bincike ba. 'Yar ƙaramar mace ce mai kaifin baki, ba ta zauna a bencina ba sai da ta kakkaɓe shi sau biyu. Muka shirya ta dawo da shi bayan kasuwa biyu in ƙara masa wuta, ta kwana gidan 'yar'uwarta ta koma da shi washegari. Lokacin bazara ne, zafi yana shanye ruwan batir. Na nuna mata layin da ke jikinsa, na ce in ruwa ya sauka ƙasa da nan, kada a kuskura a sa masa na rijiya, ba ya shan komai sai ruwan da ya fi kowane tsabta.

A nan na yi kuskuren da har gobe nake jin kunyarsa. Jarkar ruwan sama tana gefen ƙafata. Da na cika mata 'yar kwalba, da shi ke nan. Na yi surutu, ban ba da ruwa ba.

Bayan kasuwa biyu ta dawo. Tun kafin ta sauke kaya na ga alama: zanenta ya yi huji-huji a wajen cinya, mangalar jakin ma ta ci a gefe ɗaya. Ruwan batir kaɗai ke yin wannan ɓarna. Na ɗaga batirin, ya cika fal har bakin murfi. Na sa sirinji, ƙwallon ya nutse. Ɗaki na biyu ma haka, har na shida. Abin da ke ciki ya kusa zama ruwan sha. Na jona ƙwan fitila, ya yi ja kamar garwashin da ke mutuwa.

“Inna, wa yas sa mai ruwa?”

“Ni ta. Kai kac ce shi sha mai tsabta.”

“Na wace rijiya?”

Ta dube ni kamar na zage ta. “Rijiya? Ni za ni ɗauki ran matar ɗana in ba shi ruwan rijiya? Zamzam na, ɗan nan. Na Makka.”

A hankali na samo labarin. Tun a hanyar komawa jaki ya girgiza batirin, ruwa ya tsiyaye ta 'yar robar numfashinsa. Da ta isa ta ga ya sauka, sai ta cika shi har baki. Da aka ɗaga za a ɓoye ya sake zuba, ta sake cikawa. A hanyar dawowa ma haka. Duk zubar da ya yi, ƙarfinsa ne ke fita, ita kuma tana mayar da gurbin da ruwa. Kwalba guda ce, wadda wata maƙwabciyarta ta kawo mata daga aikin hajji shekaru da dama, kuma ta ƙare tas.

“Na likkafanina na,” in ji ta, tana gyara ɗaurin kai. “Na aje shi don a yayyafa mani ran da za ni tahi. Nic ce to, mai rai ya hi ni bukata.”

Ina da baki, kun sani. Da ɗayanku ne ya yi wannan aiki, da kasuwa duk ta ji muryata. Amma ban yi mata faɗa ba. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina ya fi. Yaya za ni dubi tsohuwar nan in ce abin da ta fi ƙauna a duniya shi ya jawo? Kuma ba ruwan ba ne mai laifi, yawansa ne, da rowar bakina.

Na ce, “Inna, wanga ruwa ya hi ƙarhin batir. Zamzam abinci na, don ɗan Adam anka yi shi. Shi wanga abu ruwa marar komi yaka so. Ki ba ni kwana ukku.”

“Kwana ukku? Yarinyar da cikinta yas sauka tun shekaranjiya? In ta tashi gobe hwa?”

Ta nuna kanta da haɓa. “Waɗancan hwa? Ba ni guda.”

Na dubi layin batiran. Da yawansu sun fi na Na'Allah lafiya. Amma kowane amanar wani ne, kuma ban san abin da mai shi ya ɓoye a nasa rumbun ba. Wani zai iya zuwa gobe da irin wannan larura. Ba waya a lokacin balle in nemi izini, an rufe layi. Nawa babur kuwa na daɗe da sayar da shi mun ci. Na ce mata ba nawa ba ne. Ta ce to ta ji akwai mai janareto a bayan tasha da ke cika batir kafin a gama sallar azahar, in miƙo mata kayanta.

“Ga shi, Inna. Zai ba ki shi da zahi kamar waina. Ki kai gida, Na'Allah shi danna, shi yi tari guda shi mutu. In kin bar shi nan, ban yi maki alkawalin sabo ba, amma za ni san abin da nib ba ki.”

Ta ajiye batirin a gabana. Sannan ta zauna a bencin, wannan karon ba ta kakkaɓe ba.

Ga yadda na yi, ku riƙe. Ban zubar da ruwan nan take ba, don ƙarfin batirin da ya mutu yana maƙale a jikin farantansa. Sai an yi masa ɗigo ya sake shi ya dawo cikin ruwa. Ranar farko haka na bar shi a kan sola, ina juya ta tana bin rana, ina kara kunne ina jin 'yan ƙananan kumfa. Rana ta biyu na tsiyaye shi a roba. Na tsaya da robar a hannu na rasa inda za ni zuba. Guba ce, tana cin zane. Amma akwai Zamzam a ciki, na likkafanin mutum. Ba za ni watsa shi a kwata ba. Na samo kwalba na juye, na toshe. Na haɗa sabon ruwa, asid da ruwan sama daidai kauri, na zuba ɗaki-ɗaki har layi, na mayar da shi ɗigo. Ɗaki na huɗu ya ƙi tasowa da sauran, shi ya ci mini rana ta uku.

Inna Tumba tana nan duk kwanakin. Da hantsi take zuwa, da carbinta, ta zauna tana kallon ƙwan fitila. Duk jakin da ya shigo daga gabas sai ta miƙe. Kowane awa sai ta ce, “Bai cika ba?” In ce da saura. Ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa ganin namiji mai sanyin jiki irina ba, ko daddawa ta fi wannan saurin nuna. Na ce na gode.

Da la'asar ta rana ta uku na gwada shi a kan wata tsohuwar sitata da nake ajiye don haka. Ya juya ta da kyau. Na sake cika abin da ya fita, na toshe robar numfashin da ƙulli don hanya, na sa shi a tsaye cikin ƙwarya na kewaye da dusa. Wannan karon na ba ta kwalbar ruwan sama, na kuma ba ta saƙo.

“Ki ce ma Na'Allah dannawa biyat garai. Biyat, Inna, ba shidda ba. Shi kwance ƙullin ga kahin shi ɗaura. Shi buɗe mai shi jira. Kowace dannawa kar ta wuce ya ce bisimilla sau biyu. In bai tashi ba, shi ɗauke hannu, shi yi salati goma kahin shi sake. Kar shi kunna hitila, kar shi taɓa oda.”

Ta maimaita mini sau biyu, ba ta ɓata ko ɗaya ba.

Kwana shida ban ji komai ba. Ran na bakwai, da hantsi, ina goge kan wani batir sai na ji ƙara daga gabas. Kun san wata nawa garin nan bai ji kukan babur ba? Masu shayi suka miƙe, masu faci suka bar aiki, har awakin tasha suka watse. Sai ga shi ya ɓullo, duk jikinsa ƙaiƙayin gero. Na'Allah a gaba, ƙafarsa ta dama tana lilo. Rabi a tsakiya, kanta a bayansa. Inna Tumba a ƙarshe ta rungume su duka biyun da 'yan hannayenta. Ba su dubi rumfata ba. Na bar ta a buɗe na bi su da ƙafa.

A ƙofar asibiti na tarar da Na'Allah zaune a ƙasa, ya jingina da babur. An riga an shiga da Rabi.

“Nawa ka danna?” Abin da na fara tambaya ke nan, Allah ya yafe mini, ko sannu ban ce ba.

“Ta hwarko tari yay yi. Ta biyu yat tashi. Cikin rairayin gulbi yam mutu. Nid danna ta ukku, shiru. Rabi na kuka, hannuna na son shi sake dannawa. Inna tab buge mani hannu, tac ce salati goma. Malam Bawa, ban taɓa sanin salati goma na da tsawo haka ba. Ta huɗu yat tashi. Bakin gari soja yac ce in kashe. Da yag ga Rabi, shi da kainai yaj janye itacen da anka gitta bisa hanya, yana cewa tahi, tahi. Nid danna ta biyat. Sai da yay yi kamar ba shi yi, sannan yat tashi.”

Na miƙa hannu na danna madannin. Ya ce ƙyas. Ko juyi ɗaya bai yi ba.

Bayan azahar Inna Tumba ta fito. Mace aka samu. Jinin ya ɓalle kamar yadda aka faɗa, amma ya ɓalle a inda ake da abin tsayar da shi. Ta tsaya a gabana, ta riƙe ƙugu.

“To, mai sanyin jiki. Ka ga aikin ruwana?”

Na ce, “Na gani, Inna.” Kuma ban taɓa yi mata gardama a kai ba. Ni na san abin da sirinjina ya nuna. Amma na shekara talatin ina wannan aiki, kuma da za a rantsar da ni, huɗu na tabbatar a cikin batirin nan. Ta biyar ɗin na faɗe ta ne don kada su karaya.

Da alhazai suka dawo a shekara ta gaba, na roƙi wani abokin cinikina 'yar kwalbar Zamzam. Lokacin an ɗage dokar, na hau bayan babur ɗin wani na kai mata har gida. Na tarar da ita a tsakar gida da jikar a cinya. Na ce ga madadin na likkafaninta.

Ta juya kwalbar a hannu, ta buɗe. “Wancan na riga na kashe shi inda ya dace,” in ji ta. “Ba a ba da abu a koma a amsa.” Ta ɗaga haɓar yarinyar ta ɗiga mata a baki, kaɗan-kaɗan, tana jira ta haɗiye kafin ta ƙara. Ta dube ni ta gefen ido. “Ko na yi sauri, Malam?”

Na ce a'a, haka ake yi.

Inna Tumba ta rasu damina biyu da suka wuce. Na je jana'iza, na ga likkafaninta, a bushe aka naɗe ta, ba a yayyafa Zamzam ba. Nata ruwan, wanda na tsiyaye daga batirin, yana nan a kwalba a saman kantata, cikin farin ƙyalle. Kada wanda ya taɓa, yana cin hannu.